Yadda ake binciken sarrafa homon sitiroyid a gaɓoɓin haihuwar bushiyar teku daga Yamai

Bushiyar teku, wadda littattafan Faransanci ke kira oursin, dabba ce mai zagayayyar ƙwarya da ƙayoyi, tana zaune a kan duwatsun bakin teku tana kankare gansakuka da haƙoranta biyar. Ba ta rayuwa a ruwan daɗi, don haka babu ita a kogin Isa, kuma ɗalibin kimiyyar halittu a Jami'ar Abdou Moumouni yana iya kammala karatunsa bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Duk da haka sunanta ba ya rabuwa da darussanmu. A ƙwanta ne Oscar Hertwig ya ga yadda maniyyi ke haɗuwa da ƙwai, ya wallafa aikin a 1876. A ƙwanta ne kuma Tim Hunt ya gano furotin ɗin da ake kira sikilin a 1982, abin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2001. A 2006 kuwa aka fitar da jerin ƙwayoyin gadon nau'in Strongylocentrotus purpuratus. A tsarin dangantakar halittu, ta fi ƙwari da dodon koɗi kusanci da kifi da ɗan Adam, shi ya sa mai neman sanin inda homon sitiroyid, wato sinadaran da ke kai saƙo a jiki, irin su testosteron da estiradiyol, suka faro ba shi da makawa sai ya leƙa cikinta.

Na tsara wannan bayani ne domin ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya samu damar zuwa wata tashar binciken teku na ƴan makonni, a Dakar ne ko Roskof ta Faransa ko Nafoli ta Italiya, kuma yake son ya shirya aikinsa ta yadda mafi yawansa zai gudana a nan Yamai. Aikin mai yiwuwa ne, da sharaɗin a san abin da dole a yi shi a bakin teku da abin da za a iya koya tun daga gida.

Da farko, a tsayar da tambayar

Akwai tambayoyi uku da ɗalibai ke cakuɗawa, kuma yawancin kundayen da ke faɗuwa a wannan fanni a nan suke tuntuɓe. Ta farko: shin akwai sitiroyid a jikin dabbar? Ta biyu: shin gaɓar haihuwarta tana iya juya wani sitiroyid zuwa wani? Ta uku: shin dabbar tana ƙera shi da kanta tun daga tushe, tana kuma amfani da shi a matsayin saƙon da ke tafiyar da haihuwa? Hanyar da zan bayyana tana amsa tambaya ta biyu ce kawai, kuma ya kamata ɗalibi ya rubuta haka ƙarara a shafin farko na tsarin bincikensa.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin ilimin sinadaran kansa. A jikin ɗan Adam da kifi, hanyar ƙera sitiroyid tana farawa daga kolesterol mai kabon 27, a yanke masa jela ya koma firegnenolon, sannan furojesteron, dukansu masu kabon 21. Daga nan a samu andurostenediyon da testosteron masu kabon 19, a ƙarshe aromataz, wani anzim (furotin mai juya wani sinadari zuwa wani), ya mayar da su estiron da estiradiyol masu kabon 18. A bushiyar teku an tabbatar da wasu sassan wannan hanya, ba a tabbatar da ita duka ba. Ayyukan Stephen Watts da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama da ke Birmingham, a kan nau'in Lytechinus variegatus, sun nuna cewa jakar ƙwai da jakar maniyyi duka suna juya andurostenediyon zuwa testosteron da wasu sinadarai da ake kira 5α-andurostandiyol, kuma idan aka ba su furojesteron yawanci suna bi da shi ta hanyar anzim ɗin 5α-reduktaz. Masu bincike a Milan da Barsalona sun samu irin wannan a nau'in Paracentrotus lividus na Bahar Rum, suka ƙara da cewa nama yana ɗaure sitiroyid da asid ɗin kitse ko da sulfat. Amma a jerin ƙwayoyin gadon da aka fitar a 2006 ba a samu aromataz irin na dabbobi masu ƙashin baya ba, ba a kuma samu sanannen makarɓin estiradiyol, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa, ba. Gwajin aikin homon shi ma bai tsaya a kan magana ɗaya ba: a Japan, a 1999, an ruwaito cewa ciyar da ƙananan mazan Pseudocentrotus depressus da andurostenediyon ko estiron ya ƙara girman gaɓoɓinsu, alhali a Milan, a 2015, allurar estiradiyol ba ta sauya nunar gaɓoɓin Paracentrotus lividus ba. Ga kuma gargaɗin da Alexander Scott ya yi a 2012 da 2013 game da dangin kawa da dodon koɗi, cewa dabbobin ruwa suna iya tsotsar sitiroyid daga ruwan da suke ciki su adana shi. A ganina wannan gargaɗi ya shafi bushiyar teku ma, kuma shi ne ya kamata ya zama fitilar duk wanda zai taɓa wannan aiki.

Tambaya mai kyau, ke nan, ita ce irin wannan: idan aka ba jakar ƙwai da jakar maniyyin nau'i kaza andurostenediyon, waɗanne sinadarai ke fitowa, da wane sauri, kuma yaya abin yake sauyawa daga wani matakin nuna zuwa wani? A zaɓi sitiroyid ɗaya, ko biyu in an matsa. Wanda ya ɗauki huɗu a makonni shida ba zai tantance ko ɗaya ba.

Takardu da zaɓin alama

Tunda nama yana iya ƙunsar sitiroyid tun kafin a taɓa shi, dole wanda za a ba shi ya kasance da alamar da za a gane shi da ita bayan an juya shi. Alamar iri biyu ce. Ta gargajiya ita ce tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da haskokin nukiliya, wanda rabin ƙarfinsa ke ƙarewa cikin shekara 12.3, da shi aka yi mafi yawan ayyukan da na ambata, domin ko ɗan ƙanƙanin adadi ana iya gano shi. Sai dai mallakarsa da shigo da shi da zubar da shararsa duk suna buƙatar izinin hukumar kula da tsaron nukiliya, wadda a Nijar ita ce ARSN, kuma ɗalibin jami'armu ya kamata ya fara neman shawara a Cibiyar Radiyo-Izotof ta jami'ar. Ba a saka samfuri mai tiritiyom a jakar tafiya. Idan da shi za a yi, to a gama duk ƙidaya a tashar da ta karɓi baƙuncin ɗalibi, lambobi kawai za a dawo da su.

Alama ta biyu ita ce kabon 13, wanda ba ya fitar da komai, nauyi kawai yake ƙara wa sinadarin. Testosteron mai kabon 13 guda uku yana bayyana a na'urar LC-MS/MS, mai rabe sinadarai ta auna nauyinsu, a lamba 292 maimakon 289, kuma duk abin da ya fito daga gare shi yana ɗauke da wannan ƙarin uku. Ni wannan nake ba ɗalibin Yamai shawara ya bi, saboda samfurinsa yana tafiya cikin sauƙi, amma kada a sayi komai sai an samu alkawari a rubuce daga ɗakin gwajin da ke da na'urar.

Sauran takardun su ne izinin kama dabbobin daga ƙasar da ke da tekun, da yarjejeniyar fitar da samfuri bisa ƙa'idar Nagoya kan albarkatun halittu, wadda ta fara aiki a 2014, da izinin sayen testosteron, wanda ƙasashe da dama ke sa wa ido. A fara neman su watanni kafin tafiya. Ɗalibar da ke da juna biyu ta sanar da malaminta tun da wuri, domin a tsara wanda zai riƙa auna garin sitiroyid da sarrafa ruwan narkarwa.

A koyi aikin da kifin kogin Isa

Wannan mataki nake ɗauka da muhimmanci fiye da sauran, domin makonnin bakin teku sun yi tsada da za a ɓata su wajen koyon riƙe fifet, bututun auna ɗigon ruwa. Karfasa da tarwaɗa suna nan a hannun masunta a Gamkale da Saga da sassafe, kuma kimiyya ta san abin da gaɓoɓinsu ke yi: jakar ƙwan karfasar da ke tara gwaiduwa tana juya andurostenediyon zuwa testosteron da estiradiyol, jakar maniyyin tarwaɗa kuwa tana fitar da sitiroyid masu iskar oksijin a kabon na 11, waɗanda su ne manyan homon maza a kifi. Idan hannun ɗalibi ya kasa fitar da abin da aka riga aka sani daga kifi, babu dalilin yarda da abin da zai ce game da bushiyar teku.

A sayi kifin da ransa, a kawo shi cikin bokiti mai ruwan kogi, a sumar da shi da man kanumfari kafin a kashe shi. A tsaga cikin daga dubura zuwa ƙasan kai, a ɗaga hanji gefe. Jakunkunan biyu suna kwance a sama, manne da bayan ciki. Na macen karfasa suna cike da ƙwai masu ruwan ɗorawa da ake gani da ido, na namijin tarwaɗa kuwa farare ne masu tsaga-tsaga a gefe. Daga nan a bi duk matakan da ke ƙasa, illa dai a yi amfani da ruwan Ringer na kifi, ruwan gishiri mai kama da na jikinsa, a madadin ruwan teku, a zafin digiri 26 zuwa 28, kuma a yi atisayen da sitiroyid marar alama mai ɗan yawa, wanda za a iya gani a faifan silika da ake rabe sinadarai a kansa. A maimaita har sai kwalabe uku na nama ɗaya sun ba da sakamako mai kama da juna.

Wani amfanin kifin shi ne zai zama shaida a ranar gwajin gaske. Idan bushiyar teku ba ta fitar da estiradiyol ba, mai karatu zai tambaya ko dabbar ce ba ta iya ba ko hanyar ce ba ta gani. Jakar ƙwan kifi da aka bi da ita ta hanya ɗaya ita ke raba wannan gardama.

A bakin teku: kamawa da buɗewa

A gaɓar Afirka ta Yamma ana samun Echinometra lucunter a ramukan duwatsu, a Bahar Rum da gaɓar Faransa kuma Paracentrotus lividus. A tsaya a kan nau'i ɗaya daga wuri ɗaya, a zaɓi manya masu kusan girma ɗaya, a rubuta ranar da zafin ruwan da nisan wurin daga magudanar ƙazantar gari, tunda ruwan gari yana ɗauke da sitiroyid na mutane da dabbobi. A sa safar hannu mai kauri wajen kamawa saboda ƙaya, a sa ta roba wajen aiki, domin fatar ɗan Adam ma tana iya barin sitiroyid a ruwa. A ajiye su a tankin ruwan teku mai iska kwana ɗaya ko biyu ba abinci, hanjinsu ya ragu.

Kada a yi musu allurar fotasiyom kulorid. Masu nazarin ƙwai suna yin ta, a ƙarfin mol 0.5 a lita, domin dabbar ta zubar da ƙwai ko maniyyi a gane jinsinta, amma gaɓar da aka tilasta wa zubarwa ta riga ta sauya. A nan bayan buɗewa ake gane jinsi.

A tsane dabbar a kan takarda na minti biyu, a auna nauyinta da faɗin ƙwaryarta, a sanyaya ta a kan ƙanƙara. A juya ta baki sama. Kewaye da haƙoran akwai fata mai laushi. A soka allura a nan a zuƙi ruwan cikinta a ajiye daban, sannan a yanke fatar da almakashi, a ciro bakin gaba ɗaya, a yanka ƙwaryar a zagaye ta tsakiya a ɗaga rabin da aka ciro bakin daga gare shi. Gaɓoɓin haihuwa biyar ne, suna manne a jikin ƙwaryar daga ciki kamar ɓarin lemu, launinsu daga ɗorawa zuwa ja-ja, hanji kuwa yana kewaye a kansu, baƙi-baƙi, cike da ƴan dunƙulen abinci. A cire hanjin a hankali da hantsaki, a ɗauraye da tataccen ruwan teku mai sanyi, kafin a ɗago kowace gaɓa da ƙaramin cokali. Shi ma hanjin yana sarrafa sitiroyid, ga ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa, don haka gaɓar da hanji ya fashe a kanta a jefar da ita.

A auna gaɓoɓin biyar tare, a raba nauyinsu da nauyin dabbar, a ninka da 100. Wannan shi ne ma'aunin girman gaɓa. A ɗan shafa wani yanki a gilashi a duba da mikiroskof: ƙwai zagayayyu ne, na Paracentrotus lividus faɗinsu kusan maikiromita 90, maniyyi kuwa ƙanana ne masu motsi. Sannan a raba: gaɓa ɗaya ta shiga ruwan Bouin ko fomalin, masu hana nama lalacewa, domin yankan nazarin nama, biyu su tafi jiƙo da sitiroyid nan take, biyu a daskarar da su a ruwan naitirojin.

Kada a raina waccan gaɓa ta fomalin. A cikin gaɓar bushiyar teku akwai ƙwayoyin halitta iri biyu: masu zama ƙwai ko maniyyi, da masu tara abinci, waɗanda ke cika da furotin da kitse da gilaikojin kafin lokacin haihuwa, sannan su motse yayin da ƙwai ke nuna. Gaɓa mai nauyi tana iya zama cike da abinci ba ƙwai ko ɗaya, wata mai irin nauyinta kuma ta zama a bakin zubarwa. Idan aikin anzim ya sauya tsakanin wata biyu, ta yiwu adadin ƙwayoyin ne ya sauya. Yanka mai kaurin maikiromita 5 zuwa 7 da aka rina da hematoksilin da eyosin shi ke nuna matakin, daga farfaɗowa da girma zuwa nuna da zubarwa, kuma wannan aiki a Yamai za a yi shi bayan dawowa.

Jiƙon nama da sitiroyid

A shirya kwalaben gilashi tun daren jiya, a wanke su da ruwan narkarwa, a rubuta musu lamba. Kwalbar roba ba ta dace ba, domin sitiroyid yana manne mata, ita kuma tana sakin nata sinadaran. A zuba sitiroyid mai alama da ke narke a etanol a gindin kowace kwalba, a bar etanol ɗin ya ragu har ya zama ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan jiƙon. A ƙara mililita 2 na ruwan teku da aka tace da matacin maikiromita 0.22, da ɗan fenisilin da sitireftomaisin domin hana bakteriya aiki. A daddatsa gaɓar da reza a kan gilashi mai sanyi, a auna miligiram 100 zuwa 200, a saka, a rufe, a ɗora a kan na'urar girgizawa a daidai zafin ruwan da aka kamo dabbar. Digiri 37 na ɗan Adam ne, yana kashe naman dabbar teku.

Kafin babban gwaji, a yi ƙaramin gwajin lokaci da dabba ɗaya ko biyu: a tsayar da kwalabe a minti 0, 15, 30, 60 da 120. Abin da ake nema shi ne lokacin da sarrafawar ke tafiya daidai wa daida, sitiroyid ɗin da aka zuba bai ragu da fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba. Jiƙo mai tsawo yana nuna ƙarshen hanya ne kawai, sinadaran tsakiya sun riga sun wuce.

Kwalaben shaida huɗu ne, kuma a kowace ranar aiki ake yin su. Akwai mai sitiroyid ba nama, wadda ke nuna ko sinadarin yana lalacewa da kansa. Akwai mai naman da aka tafasa minti goma, wadda ke nuna abin da ba anzim ya yi ba. Akwai mai nama ba sitiroyid. Sai ta jakar ƙwan kifi. Idan ana neman aromataz, a ƙara kwalba mai letrozol, maganin da ke toshe wannan anzim a dabbobi masu ƙashin baya, a ga ko abin da ya fito zai ragu.

Gaɓoɓin da aka daskarar na mataki na gaba ne, ga wanda ke son sanin inda anzim yake a cikin ƙwayar halitta. Ana niƙa su a ruwan fosfat mai pH 7.4 a kan ƙanƙara, a wulwula a na'urar santirifij da ƙaramin ƙarfi don zubar da tarkace, sannan a kusan 12,000 g (g shi ne ma'aunin ƙarfin wulwulawa), sannan a 100,000 g na awa ɗaya. Abin da ya kwanta shi ne maikirosom, ruwan sama kuma saitosol. Kowannensu ana jiƙa shi da sitiroyid tare da sinadarin NADPH, wanda 5α-reduktaz ba ya aiki sai da shi. Wanda ba shi da na'ura mai wannan ƙarfi ya tsaya a 12,000 g, ya faɗi haka a rubutunsa.

Tatsa, busarwa da dawowa gida

A tsayar da jiƙon ta hanyar zuba etil asetat mai sanyi ninki uku na ruwan, a niƙe naman a ciki, a ƙara wani sitiroyid mai alama daban wanda aka san adadinsa, domin a gane abin da ya salwanta a hanya. A girgiza, a wulwula, a kwashe ruwan sama, a maimaita sau uku, a haɗa, a busar da iskar naitirojin a cikin akwatin zuƙar tururi. Ruwan ƙasa kada a zubar, a nan sitiroyid masu sulfat suke zama.

Tsofaffin takardu suna cewa a tatsa da eta. Eta yana tafasa a digiri 34.6, dikulorometan a kusan 40, Yamai kuwa a Afrilu da Mayu tana wuce 40 a inuwa; kwalbar eta a ɗakin da wuta ta ɗauke haɗarin gobara ce. Etil asetat sai a digiri 77 yake tafasa, shi ya sa na zaɓe shi. Busasshen tatsattsen samfuri a kwalba mai duhu da aka rufe da kyau yana jure tafiya cikin akwatin ƙanƙara, amma ɗanyen nama sai da busasshiyar ƙanƙara mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri, kuma idan ya narke sau ɗaya aikin anzim ɗinsa ya tashi daga abin dogaro. In babu firiza mai injin wuta na ko-ta-kwana, a gama duk aikin anzim a can.

Rabewa da tantancewa

Gaɓar bushiyar teku tana da kitse da launi sosai, don haka kafin aunawa sai an tsabtace samfurin ta ƙaramin bututun tacewa na C18, ko a raba shi tsakanin metanol mai ruwa da hekzan. Amma tun kafin tsabtacewar a raba shi biyu. Rabi a auna shi yadda yake. Ɗaya rabin a dafa shi da fotasiyom haidiroksid a cikin metanol, abin da ke kwance sitiroyid daga asid ɗin kitse. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne adadin da naman ya ɗaure. Ɗalibin da ya tsallake wannan yakan ga sitiroyid ɗinsa ya ɓace, ya zaci kuskure ya yi, alhali yana nan a ɗaure cikin kitsen da ya zubar, don haka a adana ruwan hekzan ɗin ma.

A faifan silika, a ja layi da fensir santimita biyu daga ƙasa, a ɗiga samfuri da sanannun sitiroyid kusa da juna, a tsayar da faifan a tulun gilashi mai gaurayen toluwen da etil asetat, a bar ruwan ya hau. A ƙarƙashin fitilar UV mai nanomita 254 faifan yana haske kore, testosteron da andurostenediyon da furojesteron suna fitowa a matsayin ɗigo masu duhu. Sai dai duk abin da 5α-reduktaz ya taɓa ya rasa mahaɗin da ke shan wannan haske, ba ya bayyana ko kaɗan, kuma waɗannan su ne manyan abubuwan da bushiyar teku ke fitarwa. Dole a bi faifan da tururin aidin, ko a fesa masa asid ɗin sulfur a gasa, kafin a gan su.

Ɗigo biyu da suka tsaya a wuri ɗaya ba hujja ba ce cewa sinadari ɗaya ne. Nauyi kaɗai ma bai isa ba: dihaidurotestosteron da andurosteron da efi-andurosteron duk nauyinsu 290.4 ne, sai an raba su a na'urar rabe sinadarai ta HPLC ko GC sannan na'urar nauyi ta bambance su. Mai aiki da kabon 13 ya nemi dacewar lokacin fitowa da dacewar gutsattsarin da sinadarin ke fashewa zuwa gare su, idan aka kwatanta da sanannen sinadari da aka saya. Mai aiki da tiritiyom ya haɗa ɗigonsa da sanannen sinadari mai yawa, ya narkar ya sake daskarar da shi sau da dama, har ƙarfin haskokin a kowane miligiram ya tsaya, bambancin sau uku a jere bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Kayan gwajin ELISA da ake sayarwa don jinin mutum ba su da gurbi a wannan mataki, domin suna kama sinadarai masu kama da juna su ƙirga su a matsayin abu ɗaya.

Lissafi da yadda za a rubuta sakamako

A auna furotin ɗin kowane samfuri ta hanyar Bradford, a gyara lambobin da adadin da ya salwanta, a cire abin da aka gani a kwalbar naman da aka tafasa, a bayar da sakamako a fikomol a minti a miligiram na furotin. Dabba ɗaya ita ce maimaici ɗaya. Gaɓoɓi biyar na dabba guda ba dabbobi biyar ba ne, kuma kwalabe uku na gaɓa ɗaya matsakaicinsu ake ɗauka. A nemi aƙalla dabbobi shida zuwa takwas a kowane jinsi a kowane matakin nuna, a rarraba su bisa abin da yankan nama ya nuna, ko da watan kamawarsu ya bambanta.

A jadawalin sakamako a ware sinadaran da aka tantance da hanya biyu daga waɗanda suka dace da sananne a faifai kawai, a kuma rubuta kason da ba a gane ba maimakon a ɓoye shi. Inda ba a ga estiradiyol ba, a faɗi mafi ƙanƙantar adadin da hanyar ke iya gani, a sa sakamakon kifin a gefensa. Wajen bayani kuwa a tsaya inda gwajin ya tsaya: a rubuta cewa jakar ƙwai ta juya andurostenediyon zuwa testosteron a cikin kwalba, a zafi kaza, cikin minti kaza. Cewa dabbar tana ƙera testosteron yana buƙatar gwajin da ya faro daga kolesterol mai alama, cewa homon ne a jikinta kuma yana buƙatar a nuna makarɓinsa da sauyin da yake haddasawa a dabba mai rai, kuma kowannensu tsarin bincike ne na daban da ɗalibi zai iya gabatarwa a babin ƙarshe na kundinsa.